Naƙudar Bayan Labule

Har yau akwai tsofaffi a Ƙofar Kware da in na wuce sai su ce, "Mai jego, ya ruwan zafi?" Ina amsawa, in ce da godiya. Ban taɓa jin kunyar aikin da ya jawo mini sunan ba, ko a lokacin da yara ke bin kekena da shi. Abin da nake jin kunyarsa wata magana ce da ta fito daga bakina a zauren surukina, kuma zan zo kanta.

Karatuna bai wuce firamare ba. Mahaifina yadi yake sayarwa a kasuwa, da ya rasu sai baffana, ƙanensa, ya riƙe rumfar ya haɗa da ni. Zaman rumfa bai karɓe ni ba. Da mai saye ya fara ja-in-ja a kan farashi sai raina ya ɓaci, in naɗe yadin in mayar. Na fi jin daɗin zama wurin mai facin keke na bakin layi, ina taya shi kankare roba da shafa sholisho. Baffana ya yi faɗa har ya gaji, daga baya ya yi mini aure, yana tsammanin nauyin gida zai zaunar da ni.

Soja ne ke mulki a lokacin, kuɗin mai kuma ya shigo ƙasa. Manyan motoci na shigowa gari da akwatunan katako, wasu ma ba a san ofishin da ya aika a sayo su ba. Wata rana aka ce makarantar koyon jinya da ungozoma na neman masu sauke kaya. Na je don in huta da rumfa na yini ɗaya.

Akwati na ƙarshe dogo ne. Da muka ɓalle murfin sai ga mace kwance cikin ciyawa, fara sol, idanunta a rufe, cikinta a tashe. Waɗanda muke tare suka yi salati suka ja da baya, ɗaya ma sai da ya kai bakin ƙofar makaranta kafin ya waiwayo. Ni kuwa hancina ya riga ya gaya mini gaskiya. Warin sabuwar roba ne, irin na tayar keke. Na sa yatsa na danna kumatunta.

Akwai wata malama tsaye tana kallo, babbar mace mai tabarau, wadda kowa ke kira Sista. Ta yi karatu a Turai, amma Basakkwaciya ce. Ta ce, "Kai ba ka tsoro?" Na ce roba ce, in ta huje ma zan iya yi mata faci. Ta ce in dawo da safe. Daga dawowar nan ban sake zaman rumfa ba.

Ba ita kaɗai ce a akwatunan ba. Akwai rabin mutum mai ƙirji, wanda ake hura wa iska ta baki ƙirjin ya tashi, a kansa ake koyon farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya. Akwai hannu guda, daga kafaɗa zuwa yatsu, da siraran tiyo a cikinsa maimakon jijiya, nakan cika su da jan ruwa ɗalibai su yi ta soka allura har su iya. Kafin zuwansu, in ji Sista, a jikin marasa lafiya ake koyo, ko ɗalibai su soki juna. Aikina shi ne in wanke su, in shanya a inuwa, in shafa musu hoda don kada zafin Sakkwato ya sa robar ta manne, in toshe duk inda allura ta cinye. Da jan garin haɗa ruwan da ya zo tare da su ya ƙare, na je wurin masu jima na sayo karan dafi, wanda suke rina jar fata da shi. Ya fi na Turai kama da jini.

Amma mai cikin ita ce babbar. Takan kwanta a gado, labule ya sauko ta gefenta, ni kuma ina bayan labulen a kan kujera 'yar tsugune. Hannun damana yana cikin bayanta, da shi nake turo jaririn roba a hankali. A hagu ina riƙe da wata 'yar roba kamar ta hon ɗin keke, in na matsa sai wuyan hannunta ya buga, kamar bugun jinin mai rai. Kusa da gwiwata kuma akwai jakar jan ruwa da matsewarta. Kafin ɗalibai su shigo Sista takan faɗa mini a kunne, yau da ƙafa zai zo, ko yau cibiya ta naɗe wuya, ko yau jini zai ɓalle bayan an sauka. Ɗaliba ba ta san abin da ke jiranta ba sai ta sa hannu.

Tare da ita an aiko da rikoda da kaset mai muryar wata Baturiya tana naƙuda, tana kururuwa kamar ana yanka ta. Wuta ba ta zama, batir kuma ya yi ta mutuwa, a ƙarshe rikodar ta tauna zaren kaset ɗin. Sista ta ce, "Malam, ko za ka ɗan yi muna nishi daga nan, don su san da mutum suke?"

Ban taɓa jin mace tana naƙuda ba. A gidajenmu in abu ya taso ana korar maza waje ne. Baturiyar kaɗai na sani, don haka ita na kwaikwaya, na ƙara da nawa gishirin. Ranar farko ɗalibai suka yi dariya har wata ta zauna a ƙasa. Ni kuwa ina son a yaba mini, wannan halina ne tun ina yaro. Kullum sai na ƙaro wani abu, in kira uwata, in ce wayyo bayana, in roƙi a kira mijina in tsine masa. Ajin haihuwa ya zama ajin da ba mai fashi.

Direban makarantar ne ya kai labarin unguwa. Da yamma na iso majalisarmu sai na tarar an share mini wuri a tsakiyar tabarma.

"Sannu da arziki," in ji wani tela, abokin wasana. "Mi anka samu yau, mace ko namiji?"

"Ku bar shi ya huta," in ji wani. "Ɗanyen jiki gare shi."

Washegari suka haɗa baki aka kawo mini kunun kanwa a kwano, da darbejiya a ɗaure. Na shanye kunun a gabansu, na ce gobe a ƙara barkono. Daga ranar sunan ya zauna.

Maganar gumaka ce kaɗai ta taɓa zuciyata, don akwai masu cewa gumaka nake wa wanka. Na je Gidan Igwai wurin wani malami da mahaifina ke ɗaukar karatu a wurinsa, na kwatanta masa komai. Ya tambaye ni ko akwai mai yi wa mai cikin sujada ko mai roƙon ta wani abu. Na ce babu. Ya ce shi bai ga gunki a nan ba, amma in sama mata sutura. Na yanko atamfa a rumfar baffana, na ɗaura mata zane har da kallabi.

A cikin wannan hali matata ta kai watan tafiya goyon ciki. Cikin fari ne, don haka aka zo aka tafi da ita gidansu a Tudun Wada, kamar yadda ake yi wa kowa. Mahaifinta ɗan kasuwar hatsi ne, dattijo mai kwarjini, ba ya yawan magana. Ba a jima ba ya aiko yana son ganina tare da baffana.

Muka cire takalma a waje, muka tsuguna a zaure. Bayan gaisuwa ya dubi baffana, ba ni ba, ya ce, "An ce min yaronga shina wanka ma mutum-mutumi, shina shafa masu hoda. Wannan na kau da kai. Yanzu kuma an ce kukan mata shikai bayan labule, 'yan mata na dariya. A kasuwa har an fara tambayata ko ɗiyata za ta riga mijinta sauka." Ya ƙara da cewa, "Ga sito nan. Shi zo shi riƙe min awo. Ba ni son komi nai, shi dai bar wancan wurin."

Duk wanda ya tashi a garinmu ya san abin da ake yi a nan. Mijin ɗiya ba ya ɗaga kai. Zai ce to, Baba, Allah ya ƙara girma, sauran magana manya su ƙarasa ta a bayansa. Baffana ya riga ya fara godiya. Ni kuwa maganar kasuwar ce ta tsaya mini a wuya. Na ɗaga kai na ce, "Baba, aikina bai hana kowa cin tuwo ba. Ni ban taɓa kulle gero a sito ina jiran ya yi tsada ba."

Fari bai daɗe da wucewa ba a lokacin, mutane ba su manta da yunwar ba, kuma babu zagin da ya fi wannan ciwo ga mai hatsi. Ban kuma san dattijon ya taɓa yin haka ba. Maganar bakin titi ce da ake yi wa duk mai sito, na ɗauko ta don ita ce mafi kaifi a kusa da hannuna. Daga baya na ji cewa a shekarar farin shi ya riƙe ƙauyensu da abinci.

Baffana ya dafe kai. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗiyata tana nan. Ran da kab bar wanga aiki, ka aiko a ɗauke ta. Kahin nan ba ni mai da ta."

Muka koma gida ni da baffana. A bakin ƙofa ya ce, "Rumfa ka ƙi, sito ka ƙi, yanzu mata ma za ka ƙi saboda roba." Na ce ban ƙi matata ba, kuma ba zan bar aikin ba. Da safe na hau kekena na tafi makaranta. A makon nan kukan da na yi a bayan labule ya fi na kullum ƙarfi, don haushi.

Matata ta sauka, aka sami namiji. Wata tsohuwa ce ta zo ta yi mini albishir. Na aika da rago da goro, ranar suna na zauna a waje cikin baƙi kamar wanda aka gayyato. Aka yi arba'in, aka gama wanka, shiru. Ɗakina yana nan yadda ta bar shi, har ƙura ta rufe kwanukanta na jere.

Wata ranar kasuwa, bayan la'asar, na san dattijon ba ya gida, na je na yi sallama. Surukata ta yi kamar ba ta ji ba, amma jim kaɗan sai ga matata ta fito zaure da yaron a kafaɗa. Ta rame, leɓɓanta sun yi fari. Ta miƙo mini shi, muka zauna muna kallonsa. Can ta ce, "Malam, wai yi min in ji."

"In yi miki mi?"

"Abin da ya sa nike zaune gidanmu. Kowa ya ji labari, ni kaɗai ban ji ba."

Na duba ƙofa, na rage murya, na yi mata kaɗan. Ta toshe baki da gefen mayafi tana dariya har hawaye, tana riƙe ciki tana cewa in bari, wurin bai warke ba. Da ta natsu sai ta ce, "Wace mace ta ka yin haka?"

Na ce haka Baturiyar kaset take yi.

"To, can garinsu. Ni tun asuba abin ya kama ni, ban faɗa ma kowa ba. Na yi shara, na ɗora koko. Inna ta gane ne da ta ga na riƙe turmi na ƙi saki. Haihuwar fari, a gidanmu, Baba na zaure, in buɗe baki? Da mi zan kalli mutane?" Ta gyara wa yaron hula. "Bayan ya fito jini ya ƙi tsayawa. Ana tambayata ya jiki, ina cewa da sauƙi. Ungozoma ce ta taɓa ƙafata ta ji ta yi sanyi, sannan ta ɗaga zane. In ɗiyan makarantarku kuka suke jira, Malam, za su daɗe tsaye."

Na koma gida ina tura keken, ban hau ba. Ashe matata ta kusa tafiya, tana cewa da sauƙi, ni kuwa ina can ina koya wa masu karɓar haihuwa cewa mace in ta shiga haɗari ihu take yi.

Da safe na faɗa wa Sista duka. Ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi. Ta ce ta karɓi haihuwa a garin nan ba iyaka, ta san matanmu ba sa kuka. Ta bar ni ne don ta ga ɗalibai na son ajin, ta ce a ranta dariya ba ta kashe kowa. Ta ce, "Laifin namu ne mu biyu. Yau jini zai ɓalle. Ka yi yadda matarka ta yi."

Ɗalibar da ta karɓi aikin ranar yarinya ce mai ƙoƙari. Na turo jaririn lafiya, ta karɓa, ta ɗaure cibiya, ta yanke. Sauran suna ta leƙen labule suna jiran in fara. Ta ce, "Sannu, Hajiya, ya jiki?" Na ce a hankali, "Da sauƙi." Na saki matsewar jan ruwa kaɗan, yana bi ta ƙarƙashin zane. Na rage matsa robar hagu, bugun ya yi ta rauni yana sauri. Ita kuwa ta juya tana goge jariri, tana yi masa wasa don ƙawayenta su yi dariya. Ta sake tambaya, na ce, "Alhamdu lillahi." Sai na daina matsawa.

Sista ta bari har jan ruwan ya fara ɗiga a siminti. Ta ce, "Ku yi mata addu'a. Ta rasu."

Yarinyar ta ɗaga zane, ta ga katifa jage-jage, ta juyo wajen labule cikin fushi. "Malam, ai ba ka yi kuka ba."

Sista ce ta amsa. "In kin koma gida ki tambayi innarki ko ta yi, ran da ta haife ki. Wanke hannu, ki sake daga farko."

Ta sake. A karo na biyu hannunta bai bar wuyan hannun robar ba, kuma ba ta yarda da "da sauƙi" ba sai da ta duba da idonta. Daga ranar ajin haihuwa ya daina zama wurin dariya. Wasu ɗalibai sun ji haushina, sun ce na lalata musu aji. Ni ma na yi kewar dariyar, ba zan ɓoye ba.

Direban nan dai shi ya sake kai labari cewa mai jego ya daina kuka. Baffana ya zo da murna. Ya ce Allah ya kawo mafita. Mu je mu ce na ji maganar dattijo na bar kukan mata, saura wankin roba kawai, shi kuma wannan ya ce ya kau da kai. Ni dai in yi shiru, shi zai yi bayani.

Muka je. Na tsuguna nesa da inda na tsuguna a farko. Baffana ya jera maganarsa tiryan-tiryan, dattijon yana jan carbi yana saurare. Da ya gama na ce ina neman izinin magana. Na ji baffana ya ja numfashi.

Na ce, "Baba, maganar da na faɗa ta sito ƙarya ce, ban san komi a kai ba, na faɗe ta don in ɓata maka rai. Ka yafe mini don Allah. Ko ba ka mai da ita ba, wannan ina neman gafararsa." Ya ce ya yafe. Na ce, "Amma kada in cuce ka. Ban bar muryar mata ba, har gobe ina yi. Kukan na bari, kuma ba don ka hana ba. Ɗiyarka ce ta ce ban iya ba, ta gwada mini yadda ake yi. Aikin kuma ba ni barin shi."

Baffana ya ce, "Inna lillahi."

Dattijon ya tsayar da carbin. "Ita tag gwada maka?"

Na ba shi labarin turmi, da ƙafar da ta yi sanyi, da abin da ya faru a aji. Ban sani ba ashe ba a taɓa gaya masa jini ya ɓalle mata ba. Matan gidan sun rufe, shi yana zaure yana jiran albishir. Ya daɗe yana duban ƙofar cikin gida.

Sannan ya ce, "Ni na yi magana gaban shaidu, ba ni tashe ta. Na ce ba ni mai da ta." Ya miƙe, ya gyara riga. A bakin ƙofa ya ce wa baffana, kamar wata hira daban, gobe zai tafi ƙauye sayen gero, zai kwana biyu a can, kuma shi bai taɓa ɗaukar mai gadi a gidansa ba.

Washegari da hantsi surukata ta rako matata da mata biyu, da garar jego a kai, har da buhun gero da ba a faɗi wanda ya bayar ba. Matata ta shiga ɗaki, ta shafa yatsa a kan kwano, ta nuna mini ƙurar. Ta ce, "Roba kana shafa mata hoda, kwanukana kuwa ko tsumma."

Dattijon bai taɓa taka ƙofar gidana ba har ya koma ga Allah. In na je gaishe shi yakan amsa, yakan ɗora jikansa a cinya, amma bai sake duban idona ba, kuma bai taɓa tambayata ya aiki ba. Ya ce ya yafe, na kuma yarda ya yafe, sai dai abin da na fasa a zauren nan bai koma yadda yake ba. Ina sa shi a addu'a bayan kowace salla.

Aikin kuwa na yi shi har robar mai cikin ta gaji da faci, kuɗin mai ya janye, aka daina aiko da sababbi. Na ɗinka mata sabon ciki da jar fata a wurin dukawa, muka ci gaba. Telan nan abokin wasana yana nan da ransa, haƙoransa sun zube. Shekaranjiya na wuce ta gaban shagonsa ya ce, "Mai jego, yau ba a jin ɗuriyarka." Na ce masa ai tun tuni na koyi yin shiru.